Kujerar da Ke Hagun Tsoho Ferdo

Nello yana da shekara tara ubansa ya karɓe jita daga hannunsa, kuma sai da ya kai arba'in da bakwai kafin ya sake taɓa wata. Duk wanda ya zauna a zangonmu na 'yan yawo a bakin dajin Haguenau ya san labarin, don tsoho Ferdo da bakinsa yakan ba da shi yana dariya. Wata Lahadi ce ya zaunar da 'ya'yansa maza biyu, ya ɗora wa kowanne jita a cinya, ya ɗauki gogensa ya ja waƙa. Babban ya bi shi tiryan-tiryan. Nello kuwa sai ya kwasa a guje kamar an sako masa kare, ya kai ƙarshe tun uban yana tsakiya. Ferdo ya sauke goge, ya zare jitar, ya ce da matarsa ta tafi da wannan ta koya masa saƙar kujeru. Shi ke nan shari'a ta ƙare, babu ɗaukaka ƙara.

Saƙar kuwa ya iya ta, ba a magana. Tun daga Bischwiller har ƙauyukan bakin kogi babu matar gajo, wato waɗanda ba namu ba, da ba ta san tsohuwar motarsa ta kaya ba. Yakan karɓi kujera mai ɓulallen mazauni, ya jiƙa zaren kara a bokiti, ya dawo da ita kamar yau aka saye ta. Ya auri Tinka, mace mai kaifin baki da tsoron Allah, suka haifi huɗu, suka aurar da uku. Ran biki shi ne mai jera kujeru, shi ne mai hura wuta. In an fara kiɗa sai ya koma baya ya tsaya da hannu a aljihu. Mutane suna cewa Nello bai damu da kiɗa ba. Ƙarya ce, ya damu, kuma abin yana cinsa a rai, bai dai taɓa gaya wa kowa ba.

Yayansa ne ya zauna a kujerar da ke hagun tsohon har shekara talatin da takwas. Mai zama a wannan kujera ba ya nuna gwaninta, ba a tafa masa. Aikinsa famfo, haka muke kiran wannan kiɗan na rakiya: hannun dama ya sauka, ya sake sauka da ƙarfi, hannun hagu ya danna tsirkiya ya saki, bugu huɗu-huɗu, ba ƙari ba ragi, daga fari har ƙarshe. Mai goge ya yi ta yawonsa duk inda ya ga dama, ya san in ya dawo zai tarar da ƙasa a inda ya bar ta. In famfo ya karkace, ko wane irin gwani ne a gaba sai ya ji kunya.

A farkon Nuwamban 1993 yayan ya durƙusa zai canja tayar mota, zuciya ta tsaya. Ba zan kama sunansa ba, ba ma yin haka. Bayan an binne shi aka yi abin da ake yi. Aka ja ɗakinsa mai taya zuwa bayan zango, aka zuba tufafinsa da takalmansa da hotunansa, aka tattaro duk wani kaset da hannunsa ko muryarsa ke ciki, aka ɗora jitarsa a kan gado, aka cinna wuta. Gwaggo Rosali, ƙanwar Ferdo, ita ta tsaya a kai, ta bi ɗaki ɗaki tana tambaya ko akwai saura. Mamaci ba a riƙe masa kaya, in an riƙe ba ya samun kwanciya, su ma masu rai ba sa samu. Ferdo ya tsaya har tsirkiyoyin suka tsinke a cikin wutar, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya koma ɗakinsa ya rataye goge a ƙusa.

Shekara guda babu kiɗa a zangon, wannan kowa ya sani, kowa ya yarda. Abin da ba a yi zato ba shi ne tsohon zai rataye cokali tare da goge. Da sanyi ya wuce yana shan romo kaɗan. Da bazara ta shigo sai kofi da taba kawai, da ɗan ɓawon burodi in Tinka ta tsaya masa a ka. Wandonsa ya koma sai da igiya. Aka kai shi asibiti, likita ya duba sama ya duba ƙasa ya ce babu ciwo. 'Yan'uwa daga Forbach suka zo, ƙwararrun makaɗa, suka ce in shekara ta cika kowannensu a shirye yake ya zauna a hagunsa. Ferdo ya yi musu godiya, ya ce shi bai taɓa kiɗa da wanda ba jininsa ba a gefensa, kuma ba a shekara saba'in da takwas zai fara ba. Gwaggo Rosali ba ta iya ɓoye magana. Ta tare Nello a bakin famfon ruwa ta ce masa ya buɗe kunnensa: in shekara ta cika wanta bai sauke gogen nan daga ƙusa ba, to su fara neman kananzir, don kafin Kirsimeti za su ƙona wani ɗakin.

A satin ne Nello yana share mota ya tura hannu ƙarƙashin kujerar direba, ya jawo wani kaset ba kwali. Yana ganinsa ya gane shi. Bikin babbar 'yar Nello ne aka ɗauka, uban yana goge, marigayin yana famfo. Ya san abin da ya kamata ya yi, murhu yana nan taku goma daga inda yake tsaye. Ya tsaya da abin a hannu har zufa ta jiƙa shi, sannan ya mayar da shi ƙarƙashin kujerar ya rufe ƙofa.

Jita kuwa a gidan wata tsohuwar gajo ya same ta, a saman sito, ƙura ta rufe ta. Ya saƙa mata kujeru shida ta ba shi. Ya yanko guntun ƙahon sa ya goge shi da dutse ya zama abin kaɗawa. Daga ranar, kullum da azahar in ya gama zagayen ƙauyuka, sai ya kauce ya shiga wata hanyar masu saran itace a cikin dajin, ya kashe mota, ya ɗaga gilasai, ya tura kaset a rediyo. Ran farko bai kaɗa komai ba. Yana jin hannun yayansa ya fito daga rediyon sai ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka mai isarsa, babba da shi, mai jikoki.

Ba wanda zai tambaya. Duk makaɗin da ya je wa, kafin yamma labari ya kai zango, a yi ta dariya, Gwaggo kuma ta tambayi inda yake samun abin bi. Saboda haka kaset ɗin ne malaminsa, shi kaɗai. Yatsun hagu ba su ba shi wahala ba, shekara talatin da wani abu na jan zaren kara sun yi musu kanta, tsirkiya ba ta da abin da za ta yi musu. Hannun dama ne ya zame masa bala'i. Yana kaɗawa daga kafaɗa kamar mai faskare, sautin ya fito jagwab. Wata guda cur ya yi kafin ya gane a wuyan hannu abin yake, a sake shi sakwaf kamar mai yarfe ruwa bayan wanke hannu. Ya gane akwai wata 'yar shafa ta sama da ke zuwa gab da bugun farko, wadda in ka neme ta da gangan sai ta ɓace. Ya gane bugu na biyu da na huɗu gajeru ne, a shaƙe su tun ba su buɗe baki ba.

Amma tsohon ciwonsa yana nan. In rediyo na kunne, hannun marigayin yana riƙe da shi, yana tafiya daidai. Da ya kashe sai gudu, ya kai ƙarshe yana haki shi kaɗai. Don haka ya daina kashewa. Ya bi kaset ɗin sau ɗari, sau ɗari biyar, har ya haddace inda wani ya yi tari da inda kwalba ta faɗi. Duk abin da hannun nan ya yi, shi ma sai ya yi. A ƙarshen kowane zagaye na waƙa, marigayin yakan ɗauke hannu bugu ɗaya, ya bar wurin fayau, ya ƙwanƙwasa katakon jita da zobensa, ƙwas, sannan gogen ya faɗo ta wannan ƙofar. Nello ya sha wuya a kan wannan kafin ya same shi da zoben aurensa. Shi a zatonsa haka ake famfo, kowa haka yake yi. Ina zai sani? Bai taɓa zama a cikin makaɗa ba, kullum yana can baya wajen wuta.

Tinka ce ta kama shi, cikin watan Satumba. Ta ga kujeru sun taru ba a saƙa ba, ta ga mutum yana dawowa da jan ido, ta ce lallai wata ce. Ta sa aka sauke ta a bakin hanyar dajin, ta taka da ƙafa, ta shirya rashin mutunci iri-iri. Tana isowa kusa da motar ta ji kiɗan, ta ji wata dariya da ta sani ta fito daga rediyo. Da ya buɗe ƙofa ya same ta a durƙushe tana alamar gicciye. Ta ce da ma macen ce ta tarar, da ya fi mata sauƙi. Ta ce wata nawa ke nan yana tashin bawan Allah daga kwanciyarsa kullum da rana tsaka, yana sa shi aiki? In Gwaggo ta ji, ba mai sake cin abinci a kwano ɗaya da su. In tsohon ya ji, abin da ake gudu shi za a jawo.

"Ka ƙona shi yau, Nello. Ga ashana."

"Bari in iya tukuna."

"In ba ka iya ba fa?"

Ta dube shi, ta dubi jitar, ta ce to ita ba ta gani ba, ba ta ji ba, kuma kada ya kuskura ya shigo mata ɗaki da wannan abin. A hanyar komawa, sai da suka kusa zango ta ce masa, ba tare da ta kalle shi ba, kiɗan dai ba laifi.

Ran ɗaya ga Nuwamba, ranar ziyarar kaburbura, aka je maƙabarta da furanni. Sai da mutum biyu suka riƙe Ferdo kafin ya kai bakin kabarin. Lahadin da ta biyo shekara ta cika, aka yi girki a babbar rumfar kwano, aka hura murhun ƙarfe. Maza sun kamo bushiya, lokacinta ne, ta yi kitse, aka dafa da tafarnuwa da dankali, abincin da a da tsohon yakan yi faɗa a kansa. Aka zaunar da shi kusa da murhu da bargo a gwiwa. Aka ajiye masa kwano, ya ture shi da bayan hannu. Kowa yana ci yana satar kallonsa, cokula kawai ake ji.

Nello ya tashi ya fita. Da ya dawo da jita a hannu, sai da wani ya ƙware. Wani ɗan'uwa daga Forbach ya tambaya ko mazauninta ne ya ɓule aka ba shi saƙa. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take, don Nello bai tsaya ko'ina ba sai gaban kujerar da ke hagun ubansa, wadda shekara guda ba wanda ya zauna a kai. Ya zauna. Ƙahon ya suɓuce masa ya faɗi, ya sunkuya ya ɗauka. Bai kalli kowa ba, ya fara.

Famfo shi kaɗai ba waƙa ba ne, bugu ne kawai yana tafiya. Zagaye ɗaya bai ƙare ba 'yan Forbach suka daina murmushi, suka kalli juna. Nello ya rufe ido, kaset ɗin yana juyawa a cikin kansa, yana bin sa sawu a sawu. Tsoro ya hana shi kaiwa ƙarshen zagayen, da ya kusa sai ya koma farko. Ferdo bai motsa ba, sai yatsan ƙafarsa ɗaya da ke ɗaga bargo. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, a ɗauko masa abin nan da ke ƙusa. Tinka ce ta ruga. Tsohon ya daɗe yana ɗaure tsirkiya, yatsun sun yi tauri, Nello kuwa bai tsaya ba, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Sannan gogen ya shigo, a shaƙe da farko, daga baya ya buɗe. Mata suka fara share hawaye da gefen gyale. Gwaggo Rosali ta dafe ƙirji.

Suka kai ƙarshen zagaye. Nello ya ɗauke hannu bugu ɗaya, ya bar wurin fayau, ya ƙwanƙwasa katako da zobe. Ƙwas.

Gogen bai faɗo ta ƙofar ba. Ya tsaya cak. Wata mata ta saki kwano, wasu suka yi alamar gicciye, wani ya waiga bayansa wajen ƙofar rumfa. Duk wanda ke wurin ya san wannan ƙwanƙwasar, kuma ya san mutum ɗaya ne tak a duniya yake yin ta. Nello ya buɗe ido ya ga fuskoki, a lokacin ne ya gane abin da ya yi.

Ferdo ya juyo a hankali.

"Wa ya koya maka?"

Nello ya sunkuyar da kai.

"Ba na son ƙarya a gaban abinci, Nello. Ina yake?"

Nello ya jingine jita, ya fita zuwa mota. Tafiyar ba ta fi taku talatin ba, amma ya ji kamar ba zai kai ba. Ya dawo ya miƙa kaset ɗin da hannu biyu. Gwaggo Rosali ta miƙe tana cewa wayyo, shekara guda, shekara guda ana wahalar da yaron nan a kabarinsa, shi ya sa gidan ya ƙi lafiya. Ferdo ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya karɓi kaset ɗin. Murhu yana gabansa, in ya miƙa hannu zai taɓa murfin, kowa yana jira ya jefa.

Bai jefa ba. Ya juya shi, ya shafa shi da babban yatsa, ya sake juyawa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi waje, inda motar Nello take tsaye da ƙofa a buɗe. Nello ya san wannan kallon, shi ma ya yi shi wata shida da suka wuce. Tsohon so yake ya ji. Kuma Nello ya san abin da ke cikin kaset ɗin fiye da kowa, ya san a ƙarshe marigayin yana dariya yana cewa Baba a ƙara ɗaya. In tsohon nan ya shiga motar ya ji wannan kiran, ba zai ƙara ɗaukar goge don wani mai rai ba, can zai bi. Ferdo ya dafa gwiwa zai tashi.

A wurinmu ɗa ba ya karɓe abu daga hannun ubansa, ko da wuƙa ce. Nello ya kama kaset ɗin. Tsohon ya riƙe, da sauran ƙarfi a yatsun nan, suka tsaya a haka ido cikin ido, rumfar ta yi tsit. Nello ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Ya fizge, ya ɗaga murfin murhu da hannunsa ba tsumma, ya jefa. Warin roba ya cika wurin. Ya zare zoben aurensa da ƙyar ya miƙa wa Tinka, ya koma kujerar ya ɗauki jita. Yana jiran mari ko tsinuwa, ko tsohon ya tashi ya bar masa rumfar, wanda ya fi duka muni.

Ba abin da ya zo, sai ya fara kaɗawa. Yanzu babu mai riƙe shi, kaset ɗin da ke cikin kansa ma ya yi shiru. Bugu takwas na farko suka tafi daidai. Daga nan sai tsohon halin ya motsa, hannu ya fara gaba, yana ji yana gani ya kasa tsayar da shi. 'Yan Forbach suka sunkuyar da kai don kunya. Ferdo yana kallon murhu, hawaye yana bin kumatunsa bai share ba. Ya daɗe a haka, sannan ya ja hanci.

"Kana gudu."

"Na sani, Baba."

"Tun kana shekara tara kake gudu. Uwarka ma ba ta kai wata tara da kai ba." Ya ture bargon daga gwiwarsa. "Matso da kujerar nan, inda ƙafata za ta kai taka."

Nello ya matso. Tsohon ya ɗora takalminsa a kan na ɗansa, ya fara taka masa bugun, da ƙarfi, ba tausayi, ya sa goge a haɓa. Suka tafi a haka, ɗaya yana ja ɗaya yana taka birki. Da suka kai ƙarshen zagaye kowa ya riƙe numfashi. Nello bai ɗauke hannu ba, ya wuce ta wurin da bugunsa, ya cike shi. Gogen ya yi ɗan tuntuɓe, ya nemi ƙofar da ya saba bai samu ba, sai ya shigo ta wani wurin. Waƙa uku suka yi. A ta ukun tsohon ya sauke goge ya ce kiɗan banza ne, bai taɓa jin famfo mai muni irin wannan ba, gobe da safe za su sake. Sannan ya dubi Tinka ya tambaya ko waɗannan mayunwatan sun bar masa wani abu a tukunya.

Gwaggo Rosali ta yi wata biyu ba ta yi wa Nello magana ba, kuma tana da gaskiyarta. Shi da kansa ya je maƙabarta ya nemi gafara, abin da ya faɗa a can tsakaninsu ne. Tafin hannunsa da murfin murhu ya ƙona ya bar tabo. Zoben kuwa a wuya ya koma sa shi, da zare.

Shekara shida ya yi a kujerar hagu kafin Allah ya karɓi tsohon. Bai zama gwani ba, kar wani ya gaya muku haka, har yau in ya ji daɗi yakan yi gaba. Yana nan yana saƙar kujerunsa. In kun gan shi ran biki, ku dubi takalminsa na dama, wanda yake kusa da tsohon a da. Tinka ta saya masa sababbi har sau biyu, ya ƙi sawa. Wancan ne dai, mai lotsattsen baki.